Ɗingishin Aro

Kakana mafarauci ne, amma a gidanmu ba a shigowa da kare. Inna ta ce ko inuwarsa ba ta son gani a tsakar gidanta. Saboda haka karnukan Kaka a lambunsa na fadama suke zama, gefen wata bukkar kara da ya kafa a gindin giyayya. Daga bayan garinmu zuwa can ba nisa. Sai dai tsakanin lambun da filin da ake farauta akwai wani ɗan rafi da ya ɓalle daga kogin Haɗeja, wanda ko da rani ruwansa yakan kai cinyar babban mutum.

Ni ce mai kai wa Kaka abinci, a shekarar da na shiga ƙaramar sakandare. An zaɓe ni ne don ba na tsayawa hira a hanya. Ina dawowa daga makaranta zan canza kaya, in ɗora kwanonsa a ka, in riƙo wata tsohuwar roba mai ƙanzo da ragowar tuwo na karnuka. Kullum sai Inna ta biyo ni har ƙofa da gargaɗi iri ɗaya.

"Ki ajiye musu daga nesa. In ɗaya ya lashe ki, kada ki shigo mini sai kin wanke."

A cikin karnukan akwai wata tsohuwar karya ja, furfura ta fara fito mata a baki, kunnenta ɗaya a tsage. Tun kafin in yi wayo tarko ya kama mata ƙafar baya ta dama, don haka da ƙafa uku take tafiya, ta huɗun sai dai ta ɗan dangwala ƙasa. Ba ta da gudu, amma hancinta babu irinsa. Ita ke nuna inda zomo ya kwanta, sauran su bi. Mafarauta har daga Miga sun san ta, in sun haɗu da Kaka sai sun tambayi lafiyarta kafin su tambayi tasa, shi kuwa daɗi yake ji.

Bayan girbin shinkafa, da ruwa ya ja baya, wani abokin Kaka daga wata ruga ta wajen Malam Madori ya kawo masa ɗan kwikwiyo. Baƙi ne, da fari a ƙirji kamar an zubo masa nono. Tafin ƙafarsa ya fi ƙarfin jikinsa, in yana gudu sai ya taka kansa ya wuntsila. Ranar da na fara ganinsa ya shige cikin robar ƙanzon gaba ɗaya, wutsiya kawai ake gani tana kaɗawa. Ban taɓa shi ba, amma tun daga ranar nake zaɓo masa ƙanzo mai laushi in ware a gefe.

Da ya ɗan tasa sai gardama ta tashi tsakanin Kaka da Baffa, ƙanen babana. Baffa gyaran injin ban ruwa yake yi, yana kuma bin Kaka farauta in ya samu sarari. Ya ga wasu bidiyo a wayarsa na yadda ake horar da kare shi kaɗai, ana jan fatar zomo da igiya, ana yi masa fito, in ya yi daidai a ba shi ɗan nama. Kaka kuwa hanya ɗaya ya sani, wadda ya gada: a ɗaure ƙarami da babba igiya ɗaya, wuya da wuya, su yi ta yawo tare har ƙaramin ya ɗauki aikin.

"Baba, duniya ta ci gaba," in ji Baffa. "A bar mini shi in horar da shi. In ka haɗa shi da tsohuwa, duk halinta zai kwashe, mai kyau da marar kyau."

"Injiniya ke nan," in ji Kaka. "Kai za ka koya wa kare shinshina? Kai da tuwo ke ƙonewa a gabanka sai an gaya maka?"

"Ai ba hanci zan ara masa ba."

"To ita hanci za ta ara masa. Miƙo mini igiyar can."

Haka aka ɗaure su da igiyar rama wadda ba ta wuce tsawon hannu ba. Kwanakin farko abin dariya ne. Shi ya ja gabas, ita ta zauna abinta tana hamma. In ya cika tsalle ta kama masa kunne da baki, ba da ƙarfi ba, ta riƙe har ya nutsu. Ni ina zaune a kan kunyar albasa ina jiran kwano, ina kallo. A hankali igiyar ta daina miƙewa, ta koma tana lilo a tsakaninsu. In ta tsaya ta ɗaga hanci sama, shi ma ya tsaya ya ɗaga nasa, ko da bai san abin da ake nema ba. Ya koyi zagayawa ta inda iska za ta bugo masa a fuska. Ya daina haushi in ya ga fakara. Ya daina taka fangalin albasa. Ya kuma koyi tsayawa a bakin kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye gefen ruwa, inda tsohuwar ba ta taɓa shiga saboda macizai.

Akwai wani gata da tsohuwar take da shi ita kaɗai. In an zo tsallaka rafi, Kaka yakan kwance igiyar, ya shimfiɗa wani tsohon buhun taki a kafaɗarsa, ya saɓa ta kamar ɗan rago ya haye da ita. Sauran karnuka su faɗa ruwa su yi iyo. In an dawo kuma ita ake fara miƙa wa hanta. Ɗan baƙin yakan fito daga ruwa yana rawar sanyi, ya girgije, ya tsaya yana kallonta a bushe a kafaɗar Kaka. Na sha ganin wannan kallon, ban ɗauke shi komai ba.

Wata rana na iske Kaka a tsugune ya riƙe ƙafar ɗan baƙin yana dubawa. Ƙafar baya ce ta dama. Ya buɗe tsakanin yatsun ko ƙaya ce, babu. Ya matsa gaɓa, ya lanƙwasa, kare bai ko yi ƙara ba, sai lasar iska yake yi. Amma yana sakinsa ya ɗage ƙafar ya tafi da uku. Kaka ya shafa masa man kaɗanya, ya ɗaure da tsumma, ya ba shi hanta. Da suka zo rafi bai bar shi ya shiga ruwa ba, sai ya haye da tsohuwar, ya dawo ya ɗauke shi.

Ɗingishin bai tafi ba. Baffa ya ce igiyar ce ta murɗe masa ƙugu, don ƙaramin kare ba ya jure a riƙa fizgarsa.

"Na faɗa tun farko," in ji shi.

Tsallaka rafi sau biyu da kaya ya fara taɓa wa Kaka baya. Ina ganin yadda yake dafa ƙugu in ya tashi daga tabarma. Daga ƙarshe ya ce shi ba zai iya da guragu biyu ba. Baffa yana da aboki mai injin casar shinkafa a cikin gari, yana neman karen gadi. Aka ce ya zo ran Lahadi bayan kasuwa ya ɗauka.

"Ai mai ɗingishi ma yana haushi," in ji Baffa.

Na san wurin injin nan, ta gabansa motar makarantarmu take wucewa in za mu gasar karatu. Fili ne na siminti, ba bishiya, ƙaiƙayi ko'ina. Akwai wani turken ƙarfe a bakin ƙofa inda karen da ya gabata ya zauna a ɗaure har ya mutu. Ranar da na ji maganar ban iya cin tuwon dare ba.

Ni mai tafiya kai a sunkuye ce, har malamarmu takan ce ko na yar da wani abu ne. Amfanin hakan shi ne na san ƙasa. Na san sawun balbela da na zalɓe, na san jan wutsiyar tsari a kan laka. Sawun tsohuwar ma na san shi: uku sun nutse, na huɗun ɗan ƙarce ne kawai na farce. Washegari a lambu, a gefen magudanar da injin ban ruwan Kaka ke zuba ruwa, inda ƙasa ba ta bushewa, na ga wani sawu sabo. Huɗu ne cif, duk sun nutse, da tazara mai faɗi irin ta mai gudu. Na ce ko na wani kare ne. Amma a karnukan Kaka babu mai faffaɗan tafi irin wannan sai ɗaya. Har zaren tsumman da aka ɗaure masa ya bar alama a ɗaya daga ciki.

Ran Juma'a aka tashe mu da wuri, na isa lambu kafin lokacin da na saba. Kaka yana can ƙarshen gona yana gyara tiyo. Tsohuwar tana barci a inuwar bukka, an kwance igiyar. Na tsaya bayan giyayya ban yi sallama ba. Ga ɗan baƙin nan yana bin fara a cikin kututturan shinkafa, yana tsalle, yana juyi a iska, yana dira da ƙafa huɗu kamar ɗan akuya. Ya tarwatsa balbelu, ya tsallake magudana, ya sake tsallakowa.

Sai Kaka ya yi tari daga nesa.

Nan take ɗan baƙin ya tsaya cak, ya ɗage ƙafa. Amma ta hagu ya ɗage. Tarin ya tashi tsohuwar, ta miƙe ta yi taku biyu. Ya dube ta, ya dubi ƙafarsa, ya sauke ta hagun a hankali, ya ɗage ta dama. Na toshe bakina da hijabi, dariya ta sa miya ta zubo mini a kafaɗa.

A hanyar gida dariyar ta ƙare, don na gane abin da ke gabana. In na yi shiru, za a tafi da shi turken ƙarfe. In na faɗa, na nuna cewa maganar Baffa ta tabbata, kare ya kwashi har abin da ba a so, kuma ta hanyar Kaka. Ga shi ni ko a aji in malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale.

Na fara gwada Inna tana tankaɗe.

"Inna, ɗan karen nan na Kaka, ƙafarsa..."

"Ke me ya haɗa ki da ƙafar kare? Taɓawa kika yi?"

"A'a."

"To miƙo mini rariya."

Ran Asabar na samu Kaka shi kaɗai. Na zauna kusa da shi fiye da yadda na saba, na buɗe baki.

"Amarya, yau kuma zance aka zo?" in ji shi. "To ki gaya wa Innarki miyar jiya ba gishiri. In haka za a riƙa yi mini, na fasa auren."

Kunya ta rufe ni, na ɗauki kwano na gudu.

Ran Lahadi da la'asar na iske su uku a tabarma, Kaka da Baffa da mai injin. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, ya jingine babur ɗinsa a giyayya, an ɗaura kwali a baya. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye abinci. Ɗan baƙin yana kwance kusa da tsohuwar, ya ɗora haɓa a bayanta. Mai injin ya zaro sarƙa daga aljihun babur, ta yi ƙara, sai na ji maganar ta fito da kanta.

"Ba gurgu ba ne."

Ba wanda ya ji. Suna ta maganar farashin taki. Na sake faɗa, idona a kan murfin kwano.

"Amarya, da wa kike?" in ji Kaka. "Da kwano?"

"Kaka, ƙafarsa lafiya lau. Da gangan yake yi."

Baffa ya yi dariya. "Kare ne zai yi da gangan?"

"Ran Juma'a ta hagu ya ɗage. Da ya ga tata, sai ya canza."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Sai na tashi na nufi magudana, na nuna da yatsa. Kaka ya taso yana dafe da ƙugu, ya tsuguna a kan sawun. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a cikin kowane rami, ɗaya bayan ɗaya. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa, na tsorata, ashe dariya ce.

"Ni da nake bin sawun zomo har Miga," in ji shi, "ban duba na ƙofar bukkata ba. Kai, injiniya, ja shi ka bi ta bayan kacalla ka fita fili. Mu za mu ɓuya."

Muka shige bukka, ni da Kaka da mai injin da tsohuwar, kowa ya samu kafa a jikin kara ya sa ido. Baffa ya ja shi da igiya. Karen yana tafe yana ɗingishi, abin tausayi, yana waiwaye. Da suka sha kwanar kacalla Baffa ya kwance shi. Ya waiwaya sau ɗaya, bai ga Kaka ba, bai ga tsohuwar ba. Sai ƙafar ta sauka.

"La ilaha illallahu!" in ji mai injin.

"Yi shiru, Alhaji, za ka tona mu."

Ya ɗan yi wasa a cikin kututturai. Can sai ya tsaya, ya ɗaga hanci sama. Na san wannan tsayuwar, ba tasa ba ce. Bai yi haushi ba. Ya yi baya, ya zagaya ta yamma har iska ta dawo masa a fuska, ya sunkuyar da kai yana taku a hankali. Kaka ya riƙe hannun mai injin bai sani ba. Sai ga zomo ya fallo daga gindin wata ciyawa, ɗan baƙin ya rufa masa baya. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, cikinsa kamar yana shafar ƙasa. Baffa yana ihu yana tsalle, hularsa ta faɗi. Zomon ya yi kwana biyu ya faɗa cikin kacalla, kare kuwa ya ja birki a daidai bakin ciyawar, inda tsohuwar take tsayawa.

Kaka ya fito daga bukka ya yi masa fito. Ya taho a guje, harshe a waje. Saura kaɗan ya iso ya tuna, ya ɗage ƙafar dama, ya ƙaraso da uku.

Mai injin ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya har da hawaye. "Wallahi ko kyauta ba na so," in ji shi. "Wannan in ɓarawo ya zo, cewa zai yi ba shi da lafiya."

"Ka gani ko, Baba?" in ji Baffa yana kaɗe hularsa. "Na ce duk halinta zai kwashe."

"Na gani mana. Wa ya koya masa bin iska, wayarka? Kare ya koyi har abin da ban sa shi ba, kana ce mini hanyata ba ta yi ba?"

"Ai shi ne matsalar."

"Shi ne daɗin."

Har rana ta yi ja ba wanda ya sauka daga kan maganarsa. Kaka ya cika wa mai injin kwalinsa da albasa, aka mayar da sarƙa aljihun babur. Da zan tafi ya kira ni, ya ciro tsokar da ta fi girma a miyarsa ya miƙo mini.

"Amarya, na dawo da auren," in ji shi. "Amma daga yau in kin ga abu ki faɗa mini, ki daina gaya wa kwano."

Maganin ɗingishin bai yi wuya ba. Washegari a bakin rafi Kaka ya saɓa tsohuwar ya haye, bai dawo ba. Ɗan baƙin ya tsaya da ƙafa uku yana kuka, ya canza ƙafa, ya sake kuka. Da ya ga har sun yi nisa, ya faɗa ruwa ya bi su. Kaka ya kuma yarda Baffa ya riƙa fita da shi shi kaɗai wasu ranaku da fatar zomonsa da fitonsa, ko da yake ya ce don kare ya huta ne, ba don ya koyi wani abu ba. Baffa ya ce a kira horon duk abin da aka ga dama.

Yanzu baƙin ne gaba a karnukan Kaka. Tsohuwar ta daina tsallaka rafi, tana zama a bukka tana gadin albasa, hantar farko kuma har yau tata ce. In sun dawo daga farauta takan taso ta tarye su a bakin magudana. Shi kuma yana isowa gare ta sai ya rage gudu, ya jera da ita kafaɗa da kafaɗa kamar igiyar tana nan, ya ɗage ƙafar dama, su ƙarasa bukka tare. Kaka ya ce a ƙyale shi, tunda ba ɗauka yake nema ba.

Makon jiya aka kawo wani sabon ɗan kwikwiyo, fari mai kunne a kwance. Kaka ya ɗauko igiyar rama zai haɗa shi da baƙin, Baffa ya fara maganar waya. Kaka ya waiwayo ya ce in na zo da abinci in riƙa bi ta bakin magudana, in duba masa ƙasa.